Waƙa Bayan Furfura: In Sayar da Shanun Huɗa?

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye kamar yadda mai ita ya nema.

"Assalamu alaikum. Ni tela ne kuma manomi, shekarata 48, matata ɗaya, 'ya'ya bakwai. Tun ina saurayi nake rubuta waƙa, wasu da ajami wasu da boko, littattafan sun cika jaka, ba wanda ya sani sai mai ɗakina. Bara aka yi saukar Islamiyya a garinmu, na tashi na rera wata da na yi a kan wahalar uwa. Wani yaro ya ɗauka a waya, ta yawata, har daga Kano aka kira ni. Wani matashi mai situdiyo ya ce in kawo kuɗi ya yi mini albam na waƙa goma da bidiyo, wai cikin wata shida zan yi suna. Kuɗin da ya yanka ba ni da su sai in na sayar da shanuna na huɗa. Yayana ya ce ba mu gaji roƙo ba, ga kuma bikin 'yata ta fari bayan Babbar Sallah, kada in jawo a riƙa ce mata 'yar maroƙi. Mai ɗakina ba ta ce uffan ba. Ni kuma gani nake in ban yi yanzu ba, shi ke nan. Na makara ne? In sayar?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Ba ka makara ba. Shanun kuma kada ka sayar.

Tunanin makara daga waya ya shigo maka. In ka buɗe ta, samari za ka gani 'yan ashirin da wani abu, da askin zamani, suna waƙar soyayya ana taka rawa a TikTok. A wannan layin kam ka makara, kuma ba asara, don tun farko ba naka ba ne. Yaran da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta ɗauke wa hankali a 2020 ba za su juyo su saurari tela mai furfura yana kiran masoyiya ba, kai ma ba za ka so surukanka su ji ka a wannan hali ba. Amma akwai fagen da shekaru ke ƙara wa mutum kwarjini a cikinsa: tarbiyya, wa'azi, noma, zaman aure, ta'aziyya, tarihin gari. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ba shi da makaɗi ko ɗaya, amma har yau ana rera Infiraji, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Aƙilu Aliyu da muryarsa da takardarsa ya riƙe masu sauraro har tsufansa a Kano. Aminu Ala ma da rubutun littafi aka fara saninsa, waƙar daga baya ta fito fili. Waƙar uwa da ta sa aka kira ka daga Kano, ɗan shekara 22 ba zai iya yin ta kamar yadda ka yi ba, domin bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa yana jiran labari ba.

A Amurka an yi wani mawaƙi mai rubuta waƙarsa da kansa, Bill Withers. Shekara 9 ya yi a sojan ruwa, ya dawo yana aiki a masana'antar kayan jirgin sama, faifansa na farko bai fito ba sai 1971, ya haura shekara 30. Ba don shekarun na kawo shi ba. Ko da faifan ya fito, bai yi gaggawar ajiye aikin masana'antar ba, don bai yarda da harkar waƙa ta riƙe mutum ba. Kuma fa a ƙasar da ake sayen faifai ke nan.

Mu dawo gida. Matashin nan albam ya ce zai yi maka. Ka tambaye shi, wa zai saya? Zamanin da mawaƙi zai buga kaset ko faifai, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su sara su rarraba ƙauyuka, ya wuce. Kai ma ganau ne: ranar kasuwa yaro zai miƙa memori ga mai kwamfuta a rumfa, a cika masa waƙoƙi da 'yan canji, mawaƙin ko sisi ba ya gani. Yanzu ma rumfar ba a cika zuwa ba, daga waya zuwa waya ake turawa, kamar yadda taka ta yawata. Ta kai har Kano, nawa ta kawo maka? YouTube na biya, gaskiya ne, amma kafin tasha ta fara samun kason talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma abin da ake biya a kan masu kallo daga Najeriya bai kai na Turai ko kusa ba. Masu son irin waƙarka kuwa data tsada take musu. Sau ɗaya za su sauke, su yi ta ji har wayar ta mutu.

Inda mawaƙan yanzu ke samu shi ne waƙar da aka sa su yi. Ango ya biya a yi wa amaryarsa, basarake ranar naɗi, ɗan siyasa, mai kamfanin taki ko sabulu da ke son talla a rediyo, masu faɗakarwa kan rigakafi ko sa yara makaranta, sai kuma gayyata wurin biki a yi liƙi. Suna ke jawo aikin, sunan kuma waƙa ɗaya mai kyau tana iya yin sa, goma marasa daɗi ba za su yi ba. A cinikin da aka kawo maka, mutum ɗaya ne ribarsa ta tabbata tun ranar da ka ƙirga masa kuɗi. Ban ce macuci ba ne, ban san shi ba. Sana'arsa ke nan, kamar yadda kake karɓar kuɗin ɗinkinka ko rigar ta karɓi mai ita ko ba ta karɓe shi ba. Amma "cikin wata shida za ka yi suna" magana ce da ba wanda ke da ikon faɗinta, kuma wanda ya faɗe ta ya rage wa sauran zancensa nauyi.

Aikin shanu ka fi ni sani. Su ke yi maka huɗa a kan kari, su yi huɗar kuɗi a gonakin mutane, su ja amalanke da taki da bazara, su jido gero da gyaɗa da kaka, kashinsu ya koma gona. In sun yi ƙiba ka kai Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, ka sayar ka sayo ƙanana, ka dawo da canji a aljihu. In ka rabu da su ana gab da damina, layi za ka bi wurin masu shanu, sai sun gama nasu su waiwayi naka, ciyawa kuwa ba ta jira.

Ga abin da nake so ka yi wa dogon tunani. Abin da yayanka ke tsoro, sayar da shanun ne zai kawo shi, ba waƙar ba. Mutumin da rumbunsa ke da hatsi, kekensa na ɗinki na juyawa, yana iya rera abin da ya ga dama, ya ƙi abin da bai ga dama ba. In wani mai kuɗi ya aiko a yi masa kirari, sai ya ce a yi haƙuri, ba irin tasa ba ce. Amma wanda ya narkar da jarinsa a situdiyo, albam ya kwanta, damina ta zo ba shanu, yara bakwai na jiran tuwo, ba shi da bakin cewa a'a. Duk wanda ya ɗaga naira zai bi, ya wasa wanda a ransa ya san bai cancanta ba, ya tsaya a ƙofar gida yana jiran a fito. Yawancin waɗanda ake gani sun zube a wannan harka ba da niyyar roƙo suka shigo ba, bashi ne ya kai su. Shanun nan su ne za su tsare maka mutuncin waƙarka.

Yayanka kuma kada ka ɗauke shi abokin gaba. Bai yi ƙarya ba. A karkararmu har gobe ana binciken asali kafin a ɗaura aure, kuma ka san abin da tsofaffin mata ke faɗa a tsakar gida in an ambaci gidan makaɗa. Ko daidai ne ko ba daidai ba, wannan zancen wata rana ne, amma 'yarka ce za ta zauna a cikin mutanen. Za ka iya ce masa ai Shata ma bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa bai so ba, ga shi ya rasu a 1999 ana kiransa Dakta. Kada ka faɗa. Cewa zai yi kai ba Shata ba ne, kuma ya yi gaskiya, sai musu ya tashi daga waƙa ya koma kan girman kai. Abin da za ka nuna masa shi ne gidan da kake shirin shiga daban ne. Rubutacciyar waƙa gadon malamai ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi, 'yarsa Nana Asma'u da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajojinta, wato malamai mata masu zagaya ƙauyuka, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi yana kan gado, Sa'adu Zungur ya yi, Shehu Shagari ya rubuta Waƙar Nijeriya tun yana malamin makaranta. Ba wanda ya kira ɗayansu maroƙi.

Ka same shi shi kaɗai, ba a majalisa ba, bayan isha'i, da littafinka a hannu. Ka ce, "Yaya, ba na zo in yi musu ba ne, na zo ka ji abin da nake rubutawa." Ka karanta masa ta uwar nan, tunda uwarku ɗaya. Sannan ka ba shi alkawarin da ka san za ka iya riƙewa: ba za a gan ka a filin biki ana maka liƙi ba, ba za ka wasa kowa da suna don abin hannunsa ba, kuma ba abin da zai fita sai an kai yarinya ɗakinta. Wanda ya jira shekara ashirin da wani abu, 'yan watanni ba za su kashe shi ba. In duk da haka bai sakko ba, ka dai fita haƙƙinsa, kuma sau da yawa irin waɗannan yayyen su ne za ka ji suna cewa "ƙanena ne" ranar da aka sa waƙar a rediyo.

Wadda ta fi damuna a wasiƙarka ita ce mai ɗakinka, da ka ba ta layi ɗaya ka wuce. Matar da ta riƙe maka sirrin jakar littattafai shekara da shekaru ba ƙin waƙarka take ba. Lissafi take yi: gado da katifa, kwanuka, gara, abincin 'yan biki, ga kuma maigida na zancen sayar da shanu. Ba ta so ta zama wadda ta kashe maka buri, ba ta kuma so ta ce e a kan abin da take ganin ramin da ke gabansa. Ka fara gaya mata shanu na nan, ka ga yadda bakinta zai buɗe. Daga nan ka tambaye ta wace waƙa ce a cikin jakar ta fi zauna mata. Ta fi duk wani furodusa sanin wadda ke sa mace ta ajiye muciya ta saurara.

Abin yi shi ne waƙa ɗaya. Kuɗinta ya fito daga ɗinkin sallah ko ka shiga adashi, abin da in ya tafi bai dawo ba, ba wanda zai kwana da yunwa. Bidiyo a bar shi tukuna. Hotonka ɗaya da babbar riga ya isa a ɗora a kan muryar.

Kafin ka je Kano akwai aikin da ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne mai wuyar. Waƙar takarda daban, ta kunne daban. Marubuta irinka sukan zuba baiti arba'in ko hamsin, kowanne suna jin kamar ɗansu, amma mai sauraro a waya minti biyar ko shida yake da su. Sai ka zauna ka yanke. Ka bar baitocin da suke nuna abu, uwa na goyo tana surfe, uwa ta ce ta ƙoshi alhali ba ta ci ba, ka zubar da waɗanda ke maimaita cewa uwa na da girma, wannan kowa ya sani. Ka duba amsa-amonka, wato harafin da baitoci ke ƙarewa da shi, duk inda ka cusa kalma don kawai ta ƙare da harafin da kake so, mai ji zai gane. Ka duba tsawon ɗango, wato kowane layi na baiti, in wani ya fi 'yan'uwansa za ka ji kana haɗiye kalmomi don ka cim ma kari. Sai amshi, wanda shi ne abin da mutane ke tafiya da shi gida. Ka riƙa rera shi a shago kana taka keke, ba tare da ka ce wa kowa komai ba. In zuwa la'asar ka ji yaran shagon suna yi da kansu, ya kama. In ba su yi ba, canza shi, komai son da kake masa.

Ka kuma nemi wanda zai gaya maka gaskiya. Mutanen gari za su ce ma sha Allahu ko da ka yi tuntuɓe, don suna ganin girmanka. Malamin Hausa na sakandare, ko na Kwalejin Ilimi ta Gumel, zai iya zama da littafinka ya nuna maka inda kari ya karye. Gemu ba ya hana ilimi. Murya ma tana son horo kamar kowace gaɓa. Ka riƙa rera waƙar daga farko zuwa ƙarshe a tsaye, kana ɗauka a waya kana saurare, ka san inda numfashi ke yanke maka tun a gida, don a situdiyo lokaci kuɗi ne. Kuma kada ka sa ranar ɗauka a tsakiyar hunturu, ƙura na shaƙe maƙogwaro.

Batun kiɗa, malamai sun yi saɓani a kai, ni kuma ba mai fatawa ba ne. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ka yanke wa kanka tun kafin ka hau mota. Dalili shi ne in ka shiga ba ka da matsaya, mai fiyano zai yanke maka. Hannunsa ya saba da kiɗan waƙoƙin fim, shi zai ɗora maka, ya bi muryarka da na'urar gyara har ta koma irin ta kowa, ka fito da abin da ko mai ɗakinka ba za ta gane ka a ciki ba. Kaurin muryar dattijo da ɗan karkarwarta su ne abin da mutane suka ji a saukar Islamiyya suka tura wa juna, kada ka biya kuɗi a goge maka su. Waƙar nan ba kiɗa ta yawata, ka tuna da wannan. In kuma ka ga za ka sa, ka nemi mai sauƙi wanda ba zai danne magana ba. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi kawai ya cika ƙasar Hausa.

In ta fito, ka kai ta da ƙafarka gidajen rediyon da mutanenka ke kamawa, Rediyo Jigawa, Freedom ta Dutse, Sawaba ta Haɗeja. Manomi da tela da mai ɗaki har yanzu rediyo ne abokin aikinsu. Ka tura wa malaman Islamiyyu na garuruwan kusa, su ne masu taron da ke buƙatar irinka.

Wata rana kakar zaɓe za ta zo, kuma in an san ka da baki mai daɗi za a aiko. A nan kuɗin waƙa ya fi yawa, ba na musu. Amma mawaƙin birni in ya yi wa wani zambo, mota yake shiga ya tafi. Kai kuwa wanda ka yi wa habaici gobe a sahu ɗaya za ku yi asuba, kuma rabin masu kawo maka ɗinki 'yan ɗaya jam'iyyar ne.

Saura takarda. Jakar nan taka ita ce dukiyar, kuma kana dab da buɗe ta a gaban mutanen da suka fi ka sanin kasuwa. Tun yanzu ka kai littattafan Ringim a yi musu fotokwafi, ka ajiye kwafi a wani gida, don gara da ɗigar damina ba su san waƙa ba. Kowace ka rubuta mata sunanka da shekarar da ka yi ta. Kada ka bar littafi a situdiyo ya kwana, kada ka rera wa baƙo waƙoƙin da ba ka fitar ba yana ɗauka a waya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ba ka mallakar waƙarka tun daga lokacin da ka rubuta ko ka ɗauke ta, kuma ba a sallama wannan haƙƙi ga wani sai a rubuce. Saboda haka duk takardar da aka miƙo maka, ko da an ce "ta ofis ce kawai", kada ka sa hannu sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka ita da Hausa. Akwai ma hanyar da ba ka ambata ba: mawaƙa da yawa suna da murya ba su da kalmomi. Kana iya rubutawa wani ya rera, a biya ka, a ambaci sunanka, kana zaune a shagonka. Wannan ma sai da rubutu.

In a Kano za ka ɗauka ka saki, ka san da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, mawaƙa ma a ƙarƙashinta suke. Aminu Ala kansa ya shiga kotu a 2009 kan zargin sakin waƙa ba a tace ba. Ka je ka tambayi ƙa'idarsu da bakinka, kada ka dogara da "za mu ji da wannan".

Shi kuma matashin, ka kira shi ka yi masa godiya, ka ce waƙa ɗaya za ka yi bayan biki, ya faɗi kuɗinta. Ka gaya masa in an gama za ka karɓi muryarka daban da kiɗan daban a memorinka, za a ɗora ta a tashar da ɗanka zai buɗe da sunanka ba a tasa ba, kuma za ku rubuta wannan a takarda da shaidu biyu. In ya amince, ka samu abokin aiki, ta biyu ma sai ku yi tare. In ya fara cewa ai ba haka ake yi ba, ko ya daina ɗaga waya, ka nemi wani. Situdiyo ba ɗaya ba ce a Zoo Road ta Kano.